Sunayen da Suka Rage

A garinmu, idan mutum ya mutu ba a ƙara kiran sunansa, duk takwaransa sai a koma ce masa Kumanjayi. Goggona shara take yi a makaranta. Wata safiya ta ji malami ya kira Kumanjayi, yara biyar suka amsa. Samarinmu ne ke ƙarewa: wani giya ta kashe shi, wani ya rataye kansa, wani ya mutu a hannun 'yan sanda.

Ta jingine tsintsiya ta tafi gaban alƙali.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni samarinmu da ake kamawa," in ji ta. "Ku in kun karɓa, a akwatin gawa kuke dawo mana da su."

Ta yi shekaru tana naci kafin ya fara sakar mata masu ƙaramin laifi. Takan kai su daji su koyi farautar damo. Wanda ya fasa wa wani kai, dole ya gasa nama ya miƙa masa da hannunsa.

"Ɗan nan, ba son ka nake ba," takan ce wa kowannensu. "Sunanka nake tattali."

Wasu sun shiryu, wasu mun binne su. Bara ita ma ta bi su. Kada ku tambaye ni sunanta.