Daron Lola Saling da Hasken Roka

Lola Saling, kakata ta wajen uwa, busar da kifi take yi a ƙauyenmu na gaɓar tsibirin Palawan tun kafin a haifi mahaifiyata. Kunnenta ɗaya ya toshe, amma bakinta ƙalau yake. Da na gama jami'a na rasa aiki, ita ta ɗauke ni juya mata kifi.

Ranar da har yanzu ke hana ni barci, rediyo ya ce za a harba roka daga tsallaken teku, ɓaraguzanta na iya faɗowa a ruwanmu. Yayana Rodel ya fita kamun kifi tun asuba, bai ji ba. Da almuru jiragen ruwa suka dawo, ban da nasa. Ga shi an ɗauke wuta.

Sai ga wani abu a sama kamar ƙatuwar lema fara mai shuɗin baki, tana buɗewa tana jan jela. Na san ko mene ne. Mu a ƙasa rana ta faɗi mana, amma can ƙololuwa tana nan, ita ke haska hayaƙin rokar.

Lola ta kifar da kifin da ke daronta, ta hau dukansa da ludayi.

Na ce, "Lola, roka ce fa!"

"Ko uwar roka ce. Macijin da ke haɗiye wata ma da haka muke korarsa. Ke Inday, digirin ya cinye miki hannu ne? Ɗauko tukunya!"

Maƙwabciyarmu Manang Delia ta fito da murfi tana dariya. "Lola, watan ma bai fito ba, me zai haɗiye?"

"Ke mana, in zai iya da wannan ƙibar taki."

Unguwa ta ɗauka da dukan tukwane. Hasken ya dusashe, duhu ya rufe, Lola ba ta bar kowa ya huta ba.

Can muka ji ihu daga ruwa. Rodel ne da filafili a hannu. Injinsa ne ya mutu, igiyar ruwa ta ja shi, babu fitila ko ɗaya da zai gane gaɓa, sai ya bi ƙarar.

Ya ce, "Ina jin hayaniyar na san gida ne. Wa ke da mahaukata irin namu?"

Lola ta ajiye ludayin. Ta zauna a yashi, ta riƙe ƙafarsa, ta ce a kawo mata ruwa.