Injin Malam ba ya hawa sikeli

Jiya wani mai sayen tsoffin ƙarafa daga Kongolam ya leƙo zaurena, ya hango injin da marigayi maigidana Malam, wanda ya koya mini sana'a, ya bar mini.

"Baba, a ɗora wannan a sikeli? Ya cinye maka wuri."

"Ɗana, kai ka cinye mini wuri. Kama hanyarka."

Da wannan injin Malam yake sassaƙa gurbin harafi a jikin 'yar tagulla, a zuba narkakkiyar dalma a ciki, harafin ɗab'i ya fito. Na ga irinsa a Alƙahira da Jamus, an kulle cikin gilashi ana kallo kamar gawa. Namu na Daura har yau hannunsa santsi yake da gumin Malam.

Wani hantsi, lokacin ina yaronsa, Malam ya zuba harafi guda, ya kara shi a hayaƙin fitila, ya danna a takarda don ya ga yadda ya fito. Ɗakin duk ƙaurin dalma. Ni ban ga aibi ba, amma ya jefar da tagullar, ya ɗauki sabuwa.

"Malam, wa zai lura?"

"Makaho! Gurbi ɗaya karkatacce, duk 'ya'yan da zai haifa karkatattu ne."

Sau huɗu ya sake kafin ya sha furarsa.

'Ya'yana sun ce zamani ya wuce injin. Ya wuce ɗin. Amma muddin ina numfashi, guduma ba za ta taɓa shi ba. Allah Ya yalwata kabarin Malam, Ya sa can ma ya tarar da aikinsa a miƙe.