Ɗaya Mai Hula

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a nan Greensboro ta Amurka, wata Talata da ƙarfe biyu da minti arba'in na rana, farfesarmu ta kira ni ofishinta. Na riƙe lokacin ne domin agogon bango na yi ta kallo, na kasa kallon fuskarta.

Aikina a lokacin shi ne tantance jar ciyawar teku da muka ɗebo daga gaɓa. Ido kaɗai yakan ruɗi mutum a kanta, don haka ake yankar ɗan guntu a karanta DNA ɗinsa, ya faɗi ko wane iri ne, kamar layukan jikin kaya da injin kanti yake karantawa. Ni nake zana kowace ciyawa a littafina, in sa guntunta a 'yar kwalba, in rubuta lamba. Wani abokin aikina, Ba'amurke, shi yake ɗaukowa daga firji ya yi gwajin.

Farfesa ta juyo mini da kwamfuta. A littafina, lamba 74 ciyawa ce mai faɗin ganye. Sakamako kuwa ya ce wata siririya ce kamar gashi. Haka 75 da 76, duk sun saɓa.

Ta ce, "Kin haɗa kwalaben. In ba a warware wannan zuwa Juma'a ba, zan cire samfuranki daga binciken."

Aikin wata bakwai ke nan. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci, "to" kawai na ce, har da godiya.

Kwana biyu ina bin littafin shafi-shafi ban ga kuskure ba. Ranar Alhamis da la'asar ina zaune a kicin, mahaifiyata tana soya albasa tana mita. Ta rubuta wa direba adireshin gidan suna a McLeansville, ya kai su wani gida can daban.

"Ɗari da sha huɗu na rubuta, ya kai mu ɗari bakwai da saba'in da huɗu. Mutanen nan ba su iya karanta ɗaya ba."

Na ce, "Mama, sake rubuta mini."

Ta ce, "Ke ma raina karatuna za ki yi? Da ke da ni lakkol ɗin Maraɗi, makarantar boko ɗaya, ce ta koya mana."

Ta rubuta. Ɗaya mai doguwar hula, irin ta Faransa, wadda ni ma da ita na taso. Bakwai ɗinmu muna ja mata layi a ciki, ta Amurkawa kuwa ba ta da shi. A idon Ba'amurke, ɗayanmu bakwai ce.

Washegari na riga kowa zuwa ɗakin gwaji. Kwalaben 74, 75 da 76 suna can cikin akwatin baya, a rufe, ba a taɓa su ba. Na 14, 15 da 16 ne aka buɗe. Na duba zanen 14 a littafina: siririya kamar gashi.

Na jera shidan a kan tire na kai ofis. Abokin aikina ya ɗaga ta 14 ya daɗe yana kallo, ya ce shi har yanzu 74 yake gani. Farfesa ta bi sakamakon uku da zanena, kowane ya zauna daidai.

Har yau ban sauke wa ɗayana hularta ba. Abin da na sauya shi ne, in na san abin da na rubuta, ba na saurin cewa "to".

Ran nan ma sai da na tattaro ƙarfin hali kafin na tambayi Farfesa, "Samfurana za su zauna?"

Ta rufe littafin ta miƙo mini. Ta ce, "Za su zauna. Sauran akwatunan ma ke za ki tantance. Amma da farko zo allo ki koya mana wannan ɗayan naku."