Ƙungiyar Marigayi Terrence

A tashar jirgin ƙasa ta Toledo wata dattijuwa tana zaune cikin rigar sanyi ta maza, tana latsa waya da yatsa ɗaya. Gasar abokai take bugawa a wayar, da ƙungiyar da ɗanta marigayi ya bari: kowa ya zaɓi 'yan ƙwallon Amurka na gaske, abin da suka yi a fili ya zama makinsa. Wanda ya faɗi ranar Lahadi ya fita. Da gani, bana ta koyi wasan.

Kira ya shigo, ta sa a lasifika kowa yana ji.

"Haba, Mama Pruitt! Mai jefa ƙwallona ya karye, kin kwashe masu jefawa ukun da suka rage ba wanda ya zaɓa. Ba ma sa su za ki yi ba!"

"A benci za su zauna, Dwight. Ɗana Terrence yana gadon asibiti ka lallaɓe shi ya ba ka gwanin ɗan wasansa. Jana'izarsa kuwa ba ka zo ba."

Ta katse kiran, ta miƙa wa na kusa da ita wayar.

"Bawan Allah, idona ba kyau. Duba mini, akwai na huɗu?"