Motar da ta Shanye Zamzam ɗin Innarmu

Shekarun baya can, wajen farkon tamanin, lokacin da nake ganin babu injin da zai gagare ni a duk faɗin Harra ta Gabas, unguwarmu a Madina, na tafka wani abin kunya da har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ba sirri ba ne, duk unguwarmu an sani. Ku ne dai ba ku sani ba, ku da kuke turo mini hotunan injinanku kuna cewa Baba a duba mana.

Ni fa ba makanike ba ne. Shagon yadi nake tsaro kusa da Harami. Amma ina da wata tsohuwar motar Amurka mai dogon hanci, wadda ta girme wa aurena nesa ba kusa ba, kuma duk Juma'a bayan la'asar za ka tarar da ƙafafuna ne kawai a waje, sauran jikina na ƙarƙashinta. Maƙwabta suka sa mini suna Muhandis, wato injiniya. Ni kuwa na ɗauka yabo ne, har da amsawa da ɗaga hannu. Ƙa'idata ɗaya ce: ba na kai mota warsha, wato gareji, kuma ba na sayen sabon abu muddin tsohon zai ɗauru. Tiyo ya tsage? Robar tayar keke da waya. Lagireto na ɗiga? In faki idon mahaifiyata in ɗebo garin masoro a kicin in zuba masa, ya toshe ƙofar. Abin haushin shi ne dabarun nan suna yi, kuma duk wanda suka yi sai kaina ya ƙara girma.

A shekarar ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo Hajji daga Kano. Tun tana yarinya da aka taho da ita ta hanyar Sudan ba su sake haɗuwa ba. Da ayarinsu ya zo ziyara Madina bayan an sauko daga Arfa, kullum yana gidanmu, su zauna a tabarma ɗaya suna lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Cikin waɗanda suka rage akwai yayarsu, wadda muke kira Inna Babba ko da yake ban taɓa ganinta ba. Ita ta goya su duka biyun. Ta tsufa, idonta ya tafi, ta daɗe a kwance.

Kawu ya ce ranar da zai taho ya tambaye ta tsarabar da take so. Ta ce ba ta son darduma, ba ta son dabino, ba ta son komai. "Ka ɗebo mini zamzam da hannunka. In sha in ƙoshi, abin da ya rage a jiƙa mini likkafanina." Shi ya sa ya sayi jarka babba, ya sauka ya cika ta da kansa cikin turmutsutsun nan na Makka, ya yi ta fama da ita har Madina. Mahaifiyata ta karɓa ta naɗe ta da buhu, ta ɗinke bakin da zare mai kauri, tana ɗinki tana share hawaye da gefen mayafi.

Da lokacin tafiyar ayarinsu Jidda ya yi, mahaifiyata ta kasa sakin ɗan'uwanta. Nan na buɗe babban bakina. Na ce a bar su su yi gaba, Kawu ya ƙara kwana, ni zan kai shi Jidda da motata ya tarar da su ranar jirgi. Jagoransu ya ce fasfo na hannunsa, kuma wanda bai zo ba lokacin kiran suna, to sai dai Allah. Na buga ƙirji na ce ai kafin su gama karin kumallo mun iso.

Ana gobe tafiya na buɗe hancin mota ina ta 'yan taɓe-taɓe don Kawu ya ga gwaninta. Na ga babban tiyon da ke saman lagireto ya kumbura, ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Na gani da idona, jama'a. Mai sayar da kayan mota kuma yana nan bakin titi, ko takalmi ba sai na sa ba. Amma sai na ƙara masa roba, na ɗaure da waya, na ɗan bubbuga shi na ce wannan sai ya kai mu Sham ya dawo.

Da safe muka hau loda kaya. But ya cika, kujerar baya ta cika, ga jarkar zamzam ba ta sami wuri ba. Akwai wata tsohuwar jarkar ruwan famfo da ke zama a but saboda lagireto. Na fizgo ta na dire a ƙofar gida, na sa ta Kawu a gurbinta.

Mahaifiyata ta ce, "Ya waladi, ɗana, mayar da ruwan nan. Ko a ƙafarka ne ka riƙe."

Na ce, "Haba Umma, motar da na gyara jiya? Ko ɗigo ba za ta nema ba."

Ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "Tayyib." Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan tayyib ɗin, wato to shi ke nan, ba yarda ba ce.

Sallama ta ja mu, shayi ya ja mu, ni ma na tsaya daidaita kafireto da babu abin da ya same shi. Ba mu bar gari ba sai da rana ta ɗaga sosai, lokacin da masu hankali suka riga suka yi nisa ko suka nemi inuwa. A zamanin tsohuwar hanya ake bi, mai ratsa duwatsu ta gangara wajen Badar. Mun wuce Abyar Ali lafiya, Kawu na ta yaba laushin kujera. Muna fara hawa sai na ga allurar zafi ta soma tafiya inda bai kamata ba. Na ci gaba da tuƙi. Ta ƙara matsawa. Sai na tuna wata dabarar, na kunna hita don ta janye zafin injin. Hita fa, a tsakar ranar Hijaz!

Kawu ya goge wuya da hularsa ya ce, "Ɗan nan, wannan mota taku wuta take hurawa ne?"

Na ce, "Iskar ƙasar ce haka, Kawu."

Ban rufe baki ba muka ji fus! Tururi ya turnuƙe gilashi, warin masoro ya cika motar kamar ana dafa farfesu. Na gangara gefe na kashe.

Da ta huce na duba. Tiyon nan ne, ya fashe dab da bakinsa. Gyaran ba wuya: na yanke wurin da ya fashe, na jawo sauran na cusa, na ɗaure tam. Amma lagireto ya bushe ƙaraf. Na juye ruwan shanmu na filas, ya shige kamar ban zuba komai ba. Na tsaya bakin hanya ina ɗaga hannu. Motocin alhazai suka wuce a guje, cike maƙil, ko kallo ban ishe su ba. Daga nan hanya ta yi tsit, sai duwatsu baƙaƙe da rana.

Kawu ya tambaya ko akwai gari ko rijiya a kusa. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce na san hanyar nan kamar yunwar cikina, babu komai sai an yi tafiya mai nisa. Wai don kada a ce Muhandis bai san hanya ba.

Ya dubi rana, ya dubi agogonsa. Idan jirgin nan ya tashi ba shi, ga dattijo ba fasfo a hannu, ga mara lafiya na jira, kuma ba wanda ya san kwana nawa suka rage mata. Can ya ce, "Buɗe but."

Na gane nufinsa. Na ce, "Kawu, don girman Allah a'a. Mu ƙara jira."

Ya ce, "Ba ni wuƙar nan taka."

Ina tsaye ya tsuguna yana farke ɗinkin mahaifiyata, zare bayan zare, a hankali, kamar mai tsoron kada ya ji wa buhun ciwo. Ya buɗe jarka, ya fara cika ɗan filas ɗin nan, ya rufe shi da kyau ya sa a aljihun babbar rigarsa. Sannan ya miƙo mini jarkar. Wallahi hannuna ya ƙi karɓa. Da ya ga haka sai ya ce in riƙe mazurari kawai. Ya ɗaga ta da kansa, ya yi bisimilla, ya fara zubawa. Ina jin ƙarar ruwan yana sauka cikin tsatsa da garin masoro, ina kallon ƙasa, hawaye da gumi sun haɗu a haɓata. Motar nan mai ƙaton ciki ba ta ƙoshi ba sai da jarka ta koma fanko.

Na murɗa makulli, ta tashi lafiya lau, har da wani sanyin murya da ban taɓa jin ta yi ba. Kawu ya shafa gabanta ya ce, "To Hajiya, an sha an ƙoshi, sai a kai mu." Ya yi dariya. Da ma zagina ya yi.

Ba mu yi wata tafiyar kirki ba, muna karya kwanar wani dutse, sai ga rumfar gahawa a gefen hanya, irin mai gadajen igiya ɗin nan, ga tankin ruwa a gabanta wani direba na wanke ƙafafu yana ɓarnar ruwa son ransa. Da na taka da ƙafa da tuni na je na dawo. Kawu ya kalli tankin, ya juya ya kalli taga. Ni kuwa na kafe ido a kan titi har Jidda.

Mun isa ana cikin kiran suna, an riga an wuce da kayan ayari, babu sararin neman wani zamzam ko roƙon wani alhaji ya sammana. Jagoran na ta faɗa, Kawu na ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin. Da zai shiga ya miƙo mini jarkar ya ce, "Riƙe wannan, ka riƙa ɗaukar wa Hajiya ruwa." Ya dafa kaina ya sa mini albarka, ya tafi yana dafe da aljihun da filas yake.

Da na dawo Madina, tsohuwar jarkata na nan a ƙofar gida inda na dire ta, ba wanda ya taɓa. Mahaifiyata ta ga buhun da ta ɗinka a hannuna a farke. Na faɗa mata komai a tsaye. Ba ta yi faɗa ba, ta shige ɗaki.

Washegari na sayo sabon tiyo. Na kwanta zan kwance lagireto in zubar da ruwan a kwata kamar yadda na saba, sai na ji muryarta a kaina: "Kada ka kuskura. Zamzam ne za ka zubar inda ake takawa?" Ta kawo babbar tasar da take kwaɓa fulawa ta tara da kanta. Ruwan ya fito ja wur, tsatsa da masoro na yawo a kai. Maƙwabta sun taru suna kallo, ba mai cewa Muhandis. Ta daɗe tana duban tasar, sannan ta ce, "Rabon Yaya ke nan." Ta ɗauka ta kai gindin dabinon da ke bayan gida ta juye a hankali. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba.

A satin na hau motar haya, ba tawa ba, na je Makka na cika jarkar Kawu da hannuna. Umma ta sake ɗinke ta. Sai dai a lokacin ba kullum ake samun mai tafiya gida ba, sai an jira masu Umra ko alhazan baɗi. Muna cikin jira saƙo ya iso cewa Inna Babba ta rasu. Wanda ya kawo saƙon ya ce Kawu bai ɓoye mata komai ba. Wai ta yi dariya har da tari, ta ce a gaishe da yaron da ya dawo mata da ƙanenta. Ta kurɓi kaɗan daga filas ɗin, ta hana kanta sauran saboda likkafani. Matar da ta ce tana so ta sha ta ƙoshi.

Sunan Hajiya ya bi motar har ranar da na rabu da ita, yaran unguwa ma haka suke kiranta ba tare da sun san dalili ba. Ban daina gyaran mota ba, har yau ina shiga ƙarƙashinta idan gwiwa ta yarda. Amma na daina ɗaure abin da ya ce mini ya gaji, kuma bakina ya koyi cewa ban sani ba. Shi ya sa idan kuka turo hoton tiyo ya kumbura kuna tambayar dabara nake ce muku babu, ku je ku sayi sabo, ku kuma sa ruwa a but.

Jarkar Kawu da na sake cikawa kuwa, mahaifiyata ta tura ta ƙarƙashin gadonta. Ta ce tunda ba ta sami Yaya ba, ta zama tata, a jiƙa mata nata likkafanin da ita. Sannan ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kai kuma ko kusa da motarka kada in gan ta."

Ranar da aka buƙace ta, motata na ƙofar gida, lafiyarta ƙalau, 'yan'uwa na cewa in sa a but mu tafi. Na ce su yi gaba. A kafaɗa na ɗauke ta, na taka da ƙafa tun daga Harra har wurin wankan gawa da ke kusa da maƙabartar Baƙi'a, kuma ko ɗigo bai zuba ba.