Dashen Kibod a Rumfar Kawu Maliki

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Daura ya san Kawu Maliki, kuma da wuya ka sami gidan da wani abu nasu bai mutu a hannunsa ba. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Abokin marigayi babanmu ne, tare suka koyi ɗinki suna samari. Shi bai daɗe a kan keken ba. Manya sun ce in ya ɗinka riga sai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, in ka yi magana ya ce kafaɗarka ce ta karkace. Daga nan ya koma gyaran agogo, ya koma rediyo. Da wayar hannu ta shigo gari, ya je kasuwar Mai'adua ya sayo 'yan ƙananan sukudireba, ya dawo ya sa aka rubuta masa "Injiniya" a jikin rumfa. Abu ɗaya ne ya biyo shi daga sana'ar farko, wato almakashi. A wurinsa duk abin da ya ƙi shiga yawa ya yi, sai a rage. Ban kuma taɓa jin ya ce "ban iya ba".

Bara na gama bautar ƙasa na dawo gida na zauna. Bayan dogon jira, wani kamfani ya kira ni jarrabawar ɗaukar aiki ta intanet, zama ɗaya tak, ba a maimaitawa. Ana gab da ranar, wutar janareta ta ƙona laftop ɗina. Yaya Murja, yayata da ke koyarwa a Mashi, ta aiko mini da tata a motar haya. Kwamfutar tana aiki, sai dai wasu haruffan sai an danna da ƙarfi. Na ce zan shiga kasuwa in sayo kibod na jonawa.

Iya, mahaifiyarmu, ta ajiye faifan da ke hannunta. "Ka wuce ta gaban rumfar abokin ubanka ka je wurin bare? Me kake so a ce da mu?"

Haka na ɗauki kwamfutocin biyu, mai rai da matacciya, na kai wa Kawu.

Ya juya tawa, ya daddanna. "Saminu ɗan Iya, digirin ne ya cinye maka basira? Ga lafiyayyen kibod a jikin gawa, za ka je sayen wani? A asibiti ma ƙoda ake cirewa a dasa wa wani."

"Kawu, ai ba kamfani ɗaya ya yi su ba."

"Bature ya ƙera wannan, Bature ya ƙera waccan. Uwarsu ɗaya."

Kafin in sake buɗe baki ya ɓalle na Yaya Murja, ya fizgo shi har wayarsa ta yage. Ya ciro nawa. Akwai wata waya mai faɗi kamar tef ɗin awo da ke haɗa kibod da cikin kwamfuta, ribon suke ce mata. Ta jikin kibod ɗina ta fi ramin da za ta shiga faɗi. Ya gwada, ta ƙi. Sai na ga ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko almakashi.

"Kawu, don Allah, layukan da ke jikinta kowanne da aikinsa."

"Lalle. Ni za ka koya wa? Ranar sunanka ni na riƙe ƙafar rago."

Dattawan da ke kan benci suka kwashe da dariya, wani ya ce yaran yanzu sai addu'a. Ta yaya zan riƙe hannun sa'an ubana a gabansu? Ina tsaye ya datse gefen ribon kamar mai rage bakin wando, ya cusa, ya ɗiga gam a kai, ya ɗaure gefuna da baƙin salatif. Ya kunna. Da yatsa ɗaya ya buga sunansa, don da shi yake gwada komai. MALIKI ya fito a allo. Aka yi kabbara a kan benci.

Na miƙa hannu in gwada sauran, ya buge shi. "Gam bai bushe ba. Kada ka taɓa sai gobe."

Gobe kuwa ita ce jarrabawa. Da safe na buga 'yan jimloli, haruffa suka fito, na yi hamdala. Kashin farko zaɓi ne, na wuce shi lafiya. Kashi na biyu lissafi, wanda da shi na dogara, kuma sai ka buga amsa da kanka. Na danna bakwai, shiru. Na danna uku, shiru. Layin lambobi gaba ɗaya ya tafi da abin da almakashi ya yanke. Shafin jarrabawar ya kulle komai, kyamara tana kallona, in na tashi an kore ni. Na gwada rubuta amsa da kalmomi, akwatin ya ƙi karɓa. Ga amsoshi na sani, ga agogo yana tafiya, ni kuwa ina ta danna mataccen layi har lokaci ya cika.

Saƙon kamfanin bai daɗe ba: sun gode, ba a ɗauke ni ba.

Da takaici ya ɗan lafa na iya fita, na koma rumfar Kawu na gaya masa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Lamba? Ai ba ka ce mini da lamba za ka yi aiki ba."

Ashe labarin dashen ya riga ya zaga gari, daga bakinsa. Muna cikin haka wani bawan Allah ya tsaya da babur, ya ce daga Mai'adua yake, ya kwance laftop biyu daga bayan babur ɗin.

"Ga shaida nan," in ji Kawu, yana nuna ni. "Mai digiri ne. Tambaye shi."

Mutumin ya juyo. "Malam, da gaske ya yi?"

Dattawan benci duk suka zuba mini ido.

Na ce, "Haruffa dai suna fitowa." Na yi musu sallama na tafi.