Wanda Aka Kora Shi Ke Lallashi

Teburina yana kusa da na wani dattijo ɗan Indiya, a wani ofishin gwamnati da ke unguwar Southwest, a nan Amurka. Injiniya ne kamar ni, amma ya kama aikin tun ina firamare a Kano. Ba ya cin nama, ba ya ɗaga murya. Iyakar sanina da addininsa ke nan.

Wata safiya aka fara rage ma'aikata. Shugabar sashenmu, wata Ba'amurkiya, ta zo da kanta ta tsaya a gabansa, ta ce yau ce ranarsa ta ƙarshe. Ba ta kai ƙarshen maganar ba ta fashe da kuka. Sai ga dattijon ya miƙe, ya jawo mata kujerarsa, ya zuba mata shayi daga fulas ɗinsa, yana ba ta haƙuri kamar ita aka sallama.

Na taya shi ɗaukar kwalin kayansa zuwa tashar jirgin ƙasa. A hanya na kasa daurewa.

"Baba, anya ka ji abin da ta faɗa kuwa?"

"Na ji, ɗana. Kuma da zafi." Ya waiwaya ya nuna ginin. "Dubi tagogin can. Kowane ɗaki gani yake haskensa nasa ne, alhali rana ɗaya ce. A wurinmu haka sani yake. Abin da ke gani ta idona shi ke gani ta idonta, da naka, da na tantabarar nan. To da wa zan yi fushi?"

Na yi a'uziyya a zuci, don a iya karatuna bawa daban, Mahalicci daban, kuma har gobe a nan nake. Na faɗa masa haka. Ya yi murmushi, ya ce to in riƙe nawa da kyau.

Da ya karɓi kwalin, hannunsa na kalla. Ko kaɗan ba ya rawa. Ni da ba a taɓa ba, tafin hannuna sharkaf yake da gumi.

Da yamma a gidanmu da ke Hyattsville na kasa cin tuwo. Matata, da ta ji labarin rage ma'aikatan, ta tsorata.

"Kai ma sun kore ka ne?"

Na ce a'a.

"To mene ne?"

Na ture kwanon tuwon gefe.

Dattijon bai sake samun aiki irin wancan ba. Yanzu yara yake koya wa lissafi a garin Alexandria, nan kusa da mu, kuma kowace Sallah yakan riga 'yan'uwana kirana a waya.